A Raya Lambunan Jama'a: Shawara A Kan Wasan Jifan Faifai

Mun sani sarai cewa a cikin masu karatun wannan mujalla akwai waɗanda da zarar sun ga kan wannan magana za su taɓe baki su ce, "To, ɗaliban bana sun rasa abin faɗi. Ana fama da tsadar abinci, ga rashin aikin yi, ga ɗakunan kwanan ɗalibai sun cika sun batse, su kuwa sai maganar wasa." Muna roƙon irin waɗannan 'yan'uwa su yi mana haƙuri, su bi mu sannu har ƙarshe. Wasa ne bakin zaren, amma abin da ke naɗe a cikin ƙwaryar maganar ƙasa ce, wato filayen da aka keɓe wa jama'a a garuruwanmu, waɗanda kullum garin Allah ya waye sai sun ragu.

Kusan kowannenmu yana da labarin wani fili da ya yi ƙuruciyarsa a ciki. Namu yana bayan makarantar firamare ta unguwarmu, ga itatuwan darbejiya a jere, ga wata tsohuwar tsamiya a tsakiya. A nan muka koyi langa da kokawa, a nan muka buga ƙwallon tsumma har magariba ta kore mu. Dattawan unguwa sun sha gaya mana cewa a takardar tsarin gari an rubuta wurin nan lambun shaƙatawa ne na jama'a. Da muka tafi makarantar kwana sai ƙafa ta ɗauke, ciyawa ta rufe shi, aka fara zuba shara a gefe guda, daga baya ya zama wurin da uwa ba ta yarda ɗanta ya bi ta ciki da almuru. Wani hutu muka dawo muka tarar an kafa duwatsun awo. Hutun da ya biyo baya kuwa shaguna ne a jere, tsamiyar ma an sare ta. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne babu wanda ya ɗaga murya. Wani tsoho ma cewa ya yi, "Ai gara da aka gine, mun huta da wari da 'yan shaye-shaye."

Wannan magana ta tsohon nan ita ce ta daɗe tana yi mana yawo a rai. Filin da ba kowa a cikinsa ba shi da mai kare shi. Mai son yanka fili ba ya tunkarar wurin da mutum ɗari ke taruwa kowane maraice, kufai yake nema. Saboda haka duk mai son lambunan jama'a su tsira, tilas ya fara da tambayar yadda za a sa mutane su riƙa shiga cikinsu kullum, da kuɗin da ƙaramar hukuma za ta iya biya, ba tare da an sare itatuwa ko an kewaye wurin an sa mai karɓar kuɗin shiga ba. Amsoshin suna da yawa. Guda ɗaya muka ɗauko a yau, wadda garuruwa dubbai suka gwada a wasu ƙasashe suka ga amfaninta, wato wasan da Turawa ke ce wa disgolf, mu kuwa muka ga ya dace a kira shi jifan faifai.

Yadda Wasan Yake

Wanda ya san ƙwallon lambu, wasan nan na manya da ake bugawa da sanda ana neman jefa 'yar ƙwallo a rami, to ya riga ya san rabin jifan faifai. Bambancin shi ne a nan babu sanda, babu ƙwallo, babu rami. Abin jifan wani faifai ne na roba mai kama da murfin tukunya, faɗinsa ya ɗan haura santimita 21, nauyinsa kuma ba ya wuce giram 200. Abin da ake hari kuwa kwando ne na ƙarfe a jikin turke, tsayinsa daidai ƙugun mutum, an rataya sarƙoƙi a samansa. Idan faifan ya bugi sarƙoƙin sai su kashe masa gudu ya faɗa cikin kwandon.

Ana raba filin zango-zango, galibi 9 ko 18. Kowane zango yana da wurin tsayawa a yi jifan farko, yana kuma da kwandonsa can nesa, wani lokaci a bayan itatuwa ko a kan tudu. Mai wasa zai yi jifa, ya taka zuwa inda faifansa ya faɗi, ya sake jifa daga nan, har ya shigar da shi kwando. Ana ƙidaya jifan kowa, wanda ya gama dukkan zangunan da jifa mafi ƙaranci shi ne gwani. Yawancin zanguna an tsara su ne a kan jifa uku. Ƙwararru sukan riƙe faifai iri-iri, akwai mai kaifin baki na cin nisa, akwai matsakaici, akwai mai dakusasshen baki na jifan kusa. Amma ɗan koyo faifai guda ya ishe shi, kuma a cikin minti goma za a iya koya masa dokokin duka.

Asalinsa

Masu bin tarihin wasan suna ba da labarin wasu 'yan makaranta a wani ƙauye mai suna Bladworth a ƙasar Kanada, waɗanda a 1926 suke jifan wuraren da suka shata da murafen gwangwani. Wannan ba zai ba kowane Bahaushe mamaki ba, don wane ne a cikinmu bai taɓa wurga murfin gwangwani ya ga yadda yake shawagi a iska ba? Amma wasan kamar yadda aka san shi a yau a Amurka ya tsaya da ƙafafunsa. A 1957 kamfanin kayan wasa na Wham-O ya fara sayar da faifan roba wanda ya yi suna da Frisbee. Wani ma'aikacin kamfanin, Ed Headrick, shi ya gyara ƙirarsa ya sa ya fi tafiya daidai a iska. A 1975 wannan mutum ya shawo kan hukumar kula da lambuna ta yankin Los Anjalas ta ba shi dama ya shata filin wasan na dindindin na farko a lambun Oak Grove, kusa da birnin Pasadena a Jihar Kalifoniya. A lura da kyau, a lambun jama'a aka haifi wannan wasa, kuma turaku kawai aka kafa da fari, babu kwando. Sai a 1977 Headrick ya sami rajistar ƙirƙirar kwandon nan mai sarƙoƙi. A 1976 kuma aka kafa ƙungiyar ƙwararrun wasan, wadda har yanzu ita ke tsara dokokinsa. Filin nan na farko yana nan ana wasa a cikinsa, shekara hamsin ke nan.

A yau filayen jifan faifai a duniya sun haura 15,000, kuma mafi yawansu kyauta ake shiga. Wasan ya ƙara bunƙasa a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da aka rufe ɗakunan motsa jiki mutane suka bazama neman abin yi a sarari. Har ya kai a 2021 wani gwani mai suna Paul McBeth ya sa hannu a yarjejeniyar dala miliyan 10 ta shekara goma da kamfanin Discraft mai ƙera faifai. Wannan dai mun faɗe shi ne don a san wasan ya wuce na yara, amma ba kuɗin gwanaye ne ya dame mu ba.

Ƙasar da ta fi jan hankalinmu ita ce Finlan. Mutanenta ba su kai miliyan 6 ba, alhali kuwa Jihar Kano kaɗai ta haura miliyan 9 tun a ƙidayar 2006. A 1983 aka buɗe filin farko a birnin Helsinki. Yanzu ƙasar tana da filaye kimanin 1,000, da yawansu hukumomin garuruwa ne suka kafa su a dazuzzukan bakin gari da lambuna da harabar makarantu. Yaro yakan taso daga makaranta ya hau kekensa da faifai a jaka ya tafi, ba ya neman izinin kowa, ba ya biyan ko kwabo. A 2025 aka kai gasar duniya ta wasan garuruwan Nokiya da Tampere na ƙasar, karo na farko da aka yi ta a wajen nahiyar Amurka ta Arewa. Maƙwabciyarta Estoniya, wadda ta fi ta ƙanƙanta, ita ta haifi Kristin Tattar da ta ci kambin duniya na mata a 2022 da 2023. Waɗannan ƙasashe ba su fara da gina katafaren filin wasa ba. Sun fara da kafa kwanduna a inda talaka zai iya zuwa da ƙafa, gwanayen suka fito daga baya.

Amfaninsa Ga Lambun Jama'a

Na farko shi ne araha. Duk wanda ya taɓa leƙa kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ya san abin da ake ware wa wasanni bai taka kara ya karya ba. Filin ƙwallon kwando yana son daɓen siminti, wurin ninƙaya yana son ruwa da injin da magani, filin ƙwallon lambu kuwa yana cin eka ɗari ko fiye, ga masu ban ruwa ga masu yankan ciyawa. Filin jifan faifai mai zango tara abin da yake bukata shi ne kwando tara, da wurin tsayawa tara, da allo guda mai taswira. Ba ya son wutar lantarki, ba ya son famfo, ba ya son alƙalin wasa. Kowane zango yakan ci daga rabin eka zuwa eka biyu, gwargwadon tsawonsa.

Na biyu, kuma wannan shi ya fi muhimmanci a ganinmu, wasan yana son ƙasar da sauran wasanni suka ƙi. Mai shata filin ƙwallon ƙafa yana neman shimfiɗaɗɗen wuri, in ya tarar da itace sai ya sare, in ya tarar da tudu sai ya baje. Mai shata filin jifan faifai kuwa murna yake yi in ya ga itatuwa da kwari da fako da duwatsu, domin su ne gishirin wasan. Gwanintar ita ce mutum ya san yadda zai karkata faifai ya kewaya kuka ya bi ta tsakanin darbejiya biyu. Ashe ke nan wasan yana ba itace daraja, yana mai da kowane ɗan wasa mai gadinsa. A ƙasa irin tamu da hamada ke matsowa, ana kashe kuɗi kowace damina wajen dashen itatuwa, yawancinsu kuma awaki da masu gatari su gama da su kafin shekara ta zagayo, duk abin da zai sa matasa su ji zafin a taɓa itace ba abin rainawa ba ne.

Na uku shi ne tsaro. Wata marubuciya 'yar Amurka, Jane Jacobs, ta yi bayani a littafinta na 1961 a kan rayuwar manyan birane cewa idanun masu wucewa su ne babban tsaron titi da lambu, sun fi katanga da ɗan sanda. Hausawa sun riga ta sanin wannan, shi ya sa ɓarawo ba ya son unguwar da dattawa ke zaman ƙofar gida. Jifan faifai yana da wata ɗabi'a da ta dace da haka. 'Yan ƙwallon ƙafa a wuri guda suke taruwa, sauran lambun ya zauna shiru. Masu jifan faifai kuwa ƙungiya-ƙungiya suke tafiya, mutum uku ko huɗu, suna bin zanguna daga wannan kusurwa zuwa waccan, har lungun da ba wanda ke zuwa sai ya sami masu ratsa shi safe da yamma. Mai mugun nufi ba ya zama inda ake yawan giftawa.

Na huɗu lafiyar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kowane baligi ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako. Iyayenmu manoma da fatake ba su bukaci wannan shawara ba, amma mu da za mu ƙare rayuwarmu a kan kujerar ofis muna bukatarta. Ku dubi yayyenmu da suka riga mu kama aiki, daga gida sai mota, daga mota sai tebur, kafin su cika arba'in likita ya fara yi musu maganar hawan jini da ciwon sukari. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Zagaye guda na zango 18 yakan ɗauki sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu, mutum yana tafe yana sunkuyawa yana jifa, ya yi tafiyar 'yan kilomitoci bai ma sani ba, don hankalinsa yana kan faifai. Zagaye biyu a mako sun biya masa bashin da likita ke binsa.

Na biyar, wasa ne da ba ya ware kowa. Ƙwallon ƙafa ta samari ce masu jini a jika, da mutum ya haura talatin da biyar sai ya koma ɗan kallo. Dambe da kokawa na ƙarfafa ne. Amma jifan faifai ba a gudu, ba a karo, ba a tuɓe riga. Uba da ɗansa za su iya yin zagaye tare, malami da ɗalibinsa, akawu da ɗan dako. Muna so mu ja hankali musamman ga 'yan'uwanmu mata. Sau da yawa abin da ke hana su wasanni bayan sun bar sakandare shi ne tufafin da wasan ke bukata da kuma cuɗanya. Wannan kuwa mace za ta iya yinsa da zanenta da mayafinta, tare da ƙawayenta ko 'ya'yanta, mutuncinta a tsare. Daɗin daɗawa, da yake babu alƙali, kowa shi ke ƙidaya jifansa ya faɗi gaskiya ko da ba a gan shi ba. Yaron da ya saba cewa "biyar na yi" alhali zai iya cewa huɗu, ya koyi darasin da muke fata a ce duk mai riƙe da baitulmali ya koya.

Abin Da Masu Suka Za Su Ce

Ba za mu ɓoye ba, shawarar nan tana da masu suka, kuma wasu daga cikin hujjojinsu suna da nauyi.

Akwai masu cewa wannan kayan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Me ya sa ba za mu raya langa da dara da kokawa ba? Amsarmu ita ce a raya su, mu ne na farko da za mu yi tafi. Sai dai langa ma fili take so. In aka gine lambun, ba faifai kaɗai ya rasa wuri ba, har kokawar da gaɗar 'yan mata. Game da aro kuwa, tarihinmu ya isa shaida. A cikin shekarun 1920 wani malami Bature mai suna Hogben ya kawo wasan fayif ƙasar Hausa, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Asalinsa wasan 'ya'yan masu hali ne a makarantar Iton ta Ingila. Da ya zo nan sai aka ga ƙwallonsa mai tauri tana ɓantare bangon ƙasa, aka musanya ta da ƙwallon tanis, wasan ya zauna daram. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa, kuma har yau ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi da sauran garuruwa. Ƙwallon dawaki ma baƙuwa ce, amma wa zai ce wa Bakatsine yau ba tasa ba ce? Ƙwallon ƙafar da muke mutuwa a kanta fa, a wace unguwa ta Kano aka ƙirƙiro ta? Abin dubawa a baƙon abu shi ne ko talaka zai iya mallakarsa. Filayen ƙwallon lambu suna nan a Jos da Kaduna da Kano tun zamanin Turawa, amma ɗan talaka ba ya shiga sai in zai ɗauki jakar sanduna a biya shi. Fayif kuwa bango da ƙwallo kawai yake so, shi ya sa ya zama na kowa. Jifan faifai a layin fayif yake.

Akwai masu cewa za a sace kwandunan a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. Wannan tsoro ne na gaskiya, a ƙasar da ake cire murfin kwalbati da wayar fitilun titi. Amma muna tunatar da su cewa filin Oak Grove da turaku ya fara. Ana iya kafa turken siminti a shafa masa fenti, a ce wanda ya buge shi ya gama zango, babu ɓarawon da zai wahalar da kansa a kan wannan. In wasan ya karɓu, masu yinsa suka yi yawa, sai a kawo kwanduna a binne gindinsu da kankare, lokacin an sami masu gadi na sa kai. Kuma ba sai an yi odarsu daga waje ba. Kwando da turke da sarƙa ne, maƙeranmu da masu walda da ke ƙera ƙofofi da injin markaɗe in aka ba su awo ba zai gagare su ba. Faifan ne ake shigowa da shi, kuma da tsadar canji ba kowane yaro zai iya saye ba. To amma masana'antun roba na Sharaɗa da Bompai da ke fitar da bokiti da buta da kujera, in sun ga kasuwa, faifan 'yan koyo ba zai fi ƙarfinsu ba. Kafin nan makaranta ko ƙungiya tana iya ajiye guda ashirin ta riƙa ba da aro kamar littafin laburare.

Suka ta uku ita ce mafi ƙarfi, wato haɗari da ɓarna. Faifan cin nisa yana da kaifin baki, yana kuma tafiya da gudu, in ya sami mutum a fuska zai ji masa ciwo ƙwarai. A ƙasashen da wasan ya yaɗu an sha samun saɓani tsakanin 'yan wasa da masu yawon shan iska, har wasu garuruwa suka tumɓuke kwandunan da aka kafa a wurin da bai dace ba. Haka kuma yawan tattaki yana daddale ƙasa a gindin itatuwa, yana jawo zaizaya a gangare, faifai kuma yana sassaɓe ɓawon ƙananan itatuwa. Duk wannan gaskiya ne. Abin da yake koya mana shi ne ba kowane lambu ya dace ba, kuma tun ran gini ran zane. Ƙaramin lambu mai cunkoso a bar shi ga yara da tsofaffi. Kada layin jifa ya ratsa hanyar masu tafiya, ko ya fuskanci titi, ko wurin wasan ƙananan yara, ko inda ba a hango abin da ke gaba. A fara da gajerun zanguna da faifai mai dakusasshen baki. A kewaye ƙananan dashe, a riƙa sauya mazaunin kwando don ƙasa ta huta. Dokar farko da ake koya wa kowane ɗan wasa ita ce ba a jifa sai gaba ta zama fayau, kuma mai wucewa shi ke da hanya.

Sai masu cewa ciki da yunwa ba ya wasa. Haka ne, kuma ba mu ce faifai zai ƙosar da kowa ba. Amma a duba unguwannin da suka fi talauci, a nan ne yara suka fi rasa wurin wasa, domin mai kuɗi yana da farfajiya a gidansa da kulob da yake biya. Saurayin da ba shi da aiki, ba shi da wurin zuwa, ba ya zama haka nan. Akwai masu jiransa da ƙwaya, akwai masu jiransa da gora ranar zaɓe. Kuɗin da hukuma ke ƙin kashewa a lambu tana biyansa ninki a asibiti da gidan yari. A nahiyarmu ma an fara, domin gidauniyar da Paul McBeth ya kafa ta taimaka an shata filaye a ƙasashe irin su Yuganda.

Ga Wa Muke Magana

Muna magana da ku, yayyenmu matasan ma'aikata, musamman na ma'aikatun ƙasa da safiyo, da hukumomin tsara birane, da sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a duka. Tsarin Mulki na 1999 kuma, a jadawalinsa na huɗu, ya lissafa gina lambuna da filayen sarari da kula da su a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a layi guda da tituna da magudanun ruwa. Saboda haka mai neman a raya lambu haƙƙinsa yake nema, ba alfarma ba. Fayil ɗin da zai mai da filin yara rukunin shaguna ta teburinku yake bi. Wata rana za a miƙo muku shi a ce ku rubuta cewa wurin ba a amfani da shi. Muna so kafin ranar nan ta zo ku tabbata wannan magana ta zama ƙarya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da muke ba da shawara kaɗan ne. Kowace ƙaramar hukuma ta birni ta fitar da jerin filayen da taswira ta ce na jama'a ne, ta manna shi a allon sanarwa kowa ya gani. A zaɓi guda ɗaya mai itatuwa da faɗi, a yi gwaji da zango tara na shekara guda. A sa masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa da malaman makarantun kusa a cikin shawarar tun daga farko, domin abin da aka yi da mutane shi suke karewa. Kada a sa kuɗin shiga, kada a ba ɗan kwangila ya kewaye wurin ya buɗe gidan abinci da sunan raya lambu, wannan ma wata hanya ce ta yanka fili. Bayan shekara a zo a ƙidaya masu zuwa. In abin bai karɓu ba, an yi asarar turaku tara ne kawai, ƙasar tana nan, itatuwan suna nan.

Mu ɗalibai kuma kada mu tsaya jiran hukuma. Harabar jami'o'inmu tana da faɗi, ga itatuwa, ga filaye tsakanin tsangayoyi da ɗakunan kwana waɗanda ba abin da ke cikinsu sai ciyawa da macizai. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai, ta hannun sakataren wasanni, ta nemi izinin hukumar makaranta a shata zango tara a wurin da ba ya kan hanya. Ɗaliban safiyo su yi awo, na aikin injiniya su ƙera kwanduna a ɗakin ƙirarsu, na ilmin gandun daji su nuna itatuwan da za a kiyaye, na koyon aikin malanta su kai wasan makarantun da za su yi gwajin koyarwa. Kowannenmu in ya gama ya tafi bautar ƙasa ko ya kama aiki a garinsu, zai tafi da abin da ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

Tsamiyar unguwarmu ta riga ta tafi, ba mai dawo da ita. Amma a kowane gari akwai sauran fili guda ko biyu da masu awo ba su kai gare su ba tukuna, kuma ƙannenmu suna nan suna buga ƙwallo a tsakiyar titi suna kauce wa babura. In ba jifan faifai ba, to a kawo wani abin da ya fi shi araha da amfani, za mu karɓa hannu biyu. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a bar lambunan nan su zama kufai har mai duwatsun awo ya iso.